Lokacin da Hoto da Jini Suka Saɓa: MRI da Nau'o'in Sankarar Furostet da Ba a Saba Gani Ba

A ɗauka ga wani magidanci ɗan shekara sittin da 'yan kai. Wata uku ke nan fitsari na wahal da shi. In ya tsuguna sai ya jima kafin ya zo, in ya zo kuma siriri, da dare ya tashi sau huɗu ko biyar. Wata safiya ya ga jini a ciki. 'Ya'yansa suka kai shi asibiti, aka ɗebi jini aka yi awon PSA, wani sinadari da ake aunawa don neman alamar sankarar furostet, sakamako ya fito 2. Aka ce musu lambar ba ta kai ta fargaba ba, tunda a al'ada sai ta haura 4 ake fara zargi. Suka yi hamdala, aka rubuta masa ƙwayar da ke sassauta hanyar fitsari, suka koma gida.

Abin da ya fi matse wa dattawa fitsari kumburi ne na tsufa, wanda ba sankara ba, don haka sau da yawa zaton likitan zai faɗa daidai. Sai dai a cikin masu wannan ƙorafi akwai 'yan kaɗan da ke ɗauke da sankarar da ba ta ɗaga PSA, ko take ɗaga shi kaɗan, kuma a cikinsu ne ake samun waɗanda suka fi saurin kisa. Su nake so mu duba, tare da na'urar da likitocin duniya suka ɗora wa amana a shekarun nan wajen binciken furostet, wato MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu. An horar da masu karanta hotonta a kan cuta ɗaya. To in aka kawo musu wata dabam fa, me za su gani?

Akwai gyaran da ya kamata a fara yi. A rediyo da jaridunmu an saba cewa "sankarar mafitsara" in ana nufin wannan cuta, alhali mafitsara ita ce jakar da fitsari ke taruwa a ciki, kuma tana da tata sankarar da nata magani dabam. Furostet wata 'yar gaɓa ce da maza kaɗai ke da ita. A jikin saurayi girmanta bai wuce ƙaramin goro ba. Tana zaune a gindin mafitsara, ta rungume hanyar fitsari, bayanta na jingine da dubura, shi ya sa likita ke iya taɓa ta da yatsa. Aikinta samar da wani kaso na ruwan maniyyi. PSA kuwa sinadari ne da ƙwayoyin da ke wannan aiki suke fitarwa don ya tsinka maniyyi bayan ya fita. Kaɗan daga cikinsa na zurarewa cikin jini, kuma yakan ƙaru in gaɓar ta kumbura, ko ƙwayar cuta ta shige ta, ko sankara ta ɓata mata tsari. A riƙe wannan da kyau: yin PSA sana'ar wasu ƙwayoyi ce na musamman. Ƙwayar da ba ta taɓa yin wannan sana'a ba, ko wadda ta bar ta, ba za ta ɗaga shi ba ko da ta hayayyafa ta zama ƙari mai girman lemo.

Fiye da tara cikin goma na sankarar furostet iri ɗaya ce, wadda ke tasowa daga 'yan aljihunan da ke tsatso da ruwan maniyyi. Mu kira ta ta gama-gari. Ita ce ke cika alƙaluman duniya, inda a 2022 aka ƙiyasta sababbin masu cutar kusan miliyan 1.5 da mace-mace kusan 400,000, kuma ita ce kan gaba a sankarar maza a Najeriya. Duk kayan aikin da ke hannun likita a jikinta aka auna su aka ɗinka. Ma'aunin munin cuta da Donald Gleason ya tsara a Amurka a 1966 nata ne. Maganin da ke yanke wa ƙari sinadarin mazakuta, wanda Charles Huggins ya nuna amfaninsa a 1941, nata ne. PSA nata ne. Ƙa'idar karanta hoton MRI ma tata ce.

Ita na'urar, ruwan jiki take wa tambaya. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kuma a cikin ruwa akwai haidirojin, wanda cibiyarsa ke yi kamar wani mitsitsin maganaɗisu. In aka kwantar da mutum a cikin babban maganaɗisun na'urar, wanda a mai ƙarfin tesla 1.5 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne) ya ninka na doron ƙasa kusan sau 30,000, sai waɗannan mitsitsin su yi sahu. Na'urar ta aika musu igiyar rediyo ta karkatar da su, ta janye, su kuma su koma sahunsu suna sakin wani amo da ake kamawa. Saurin komawar ya bambanta tsakanin tsoka da kitse da ruwa da ƙari, kuma da wannan bambanci kwamfuta ke zana hoto. Babu irin tururin da ke cikin eksire ko hoton CT. Paul Lauterbur a Amurka da Peter Mansfield a Ingila su ne suka buɗe hanyar a shekarun 1970, aka ba su kyautar Nobel a 2003.

A binciken furostet hoto uku ake haɗawa a zama guda na kimanin rabin awa zuwa minti arba'in da biyar. Na farko, wanda ake ce wa T2, yana nuna inda ruwa ya kwanta: wurin da ruwa ya yi yawa ya yi haske, inda babu ya yi duhu. Bayan furostet mai lafiya cike yake da aljihunan ruwa, saboda haka fari yake fitowa, kuma daga nan ne kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar ke farawa. In ta zo sai ta cusa ƙwayoyinta a wurin ta matse ruwan, sai a ga tabo baƙi kamar an goga gawayi a farar riga. Na biyu ya fi ban sha'awa, domin motsin ruwan yake aunawa. A kwatanta mai tafiya a filin Idi ranar da babu kowa da mai son ratsa kasuwa ranar jajibirin Sallah. Ƙwayar ruwa a lafiyayyen nama tana walawa kamar na farko, a cikin ƙari kuwa ko ina ta juya sai ta ci karo da bango. Na'urar na iya auna wannan takura ta zana taswirarta. Na uku, ana zuba wani ruwa mai gadoliniyam a jijiya, a riƙa ɗaukar hoto a kai a kai don a ga inda ya riga isa, tunda ƙari kan gina wa kansa sababbin hanyoyin jini masu yoyo.

In aka tattara ukun, tunani ɗaya ne a ƙarƙashinsu: sankara cunkoso ce. Inda aka ga duhu a hoton ruwa, aka ga takura a hoton motsi, aka ga jini ya yi sauri, nan ne.

Don kada kowane likitan hoto ya riƙa rubuta ra'ayinsa da nasa salon, ƙungiyar likitocin hoto ta Turai ta fito da tsarin ba da maki mai suna PI-RADS a 2012, aka sabunta shi tare da Amurkawa a 2015, aka ƙara yi masa kwaskwarima a 2019. Maki 1 da 2 na nufin da wuya a samu muguwar sankara, 3 ana kokwanto, 4 da 5 kuwa a kai allura wurin. Tsarin ya yi aiki, kuma ba na son abin da zan faɗa a gaba ya rage masa daraja. A 2017 mujallar Lancet ta buga binciken PROMIS da Hashim Ahmed da abokan aikinsa suka yi a Ingila a kan maza 576. MRI ta gano kashi 93 cikin 100 na sankarar da ke da haɗari, alhali tsohuwar hanya ta soka allura goma ko sha biyu ta dubura a ɗebo nama bisa sa'a ta gano kashi 48. Shekara guda bayan nan binciken PRECISION a kan maza 500 ya nuna cewa in aka fara da hoto, kashi 28 ba sa buƙatar allurar ma sam, kuma duk da haka an fi samun cutar mai haɗari: kashi 38 a gefen hoto, 26 a gefen tsohuwar hanya. A 2019 hukumar da ke tsara ƙa'idar jiyya a Ingila ta ce a riƙa yin hoto kafin allura. Wanda ya taɓa jinyar dattijon da zazzaɓi ya kwantar bayan an soke shi ta dubura ya san girman wannan sauƙi.

To amma a dubi su wane ne a cikin waɗannan bincike. Maza ne da PSA ɗinsu ya hau, ko yatsan likita ya ji wani abu, shi ya sa ma aka tura su. Cutar da aka samu a jikinsu kusan duk ta gama-gari ce. A cikin mutum ɗari biyar, nau'in da ke fitowa sau ɗaya cikin ɗaruruwa ko cikin dubu ba zai bayyana da yawan da za a gina hukunci a kansa ba. Abin da aka sani game da kamanninsu a hoto ya taru ne daga rahoton mutum ɗaya a nan, goma a can, ashirin da wani asibiti ya tattara cikin shekaru. Kashi 93 ɗin nan ba rabonsu ba ne.

Wadda ta fi fito da matsalar fili ita ce mai yauƙi. A wannan nau'i ƙwayoyin sankarar suna fitar da wani ruwa mai kama da majina, ya taru ya zama tafkuna, su kuma suna yawo a ciki kamar tsibirai. Ana ba ta wannan suna ne in yauƙin ya kai rubu'in ƙarin, kuma ba ta kai ɗaya cikin ɗari na masu cutar ba. A tuna ƙa'idar nan: ruwa haske, cunkoso duhu. Ƙarin da rubu'insa ko rabinsa ruwa ne zai iya fitowa fari, a wurin da lafiyayyen nama ma fari yake. A hoton motsi kuma ruwan na da sararin walawa, don haka takurar da ake nema ba lallai ta bayyana ba. Likitan hoto zai iya bin ƙa'ida layi-layi ba tare da ya yi kuskure ko ɗaya ba, ya rubuta maki 2, alhali sankara na wurin. Abin da ke rage tashin hankali shi ne wannan nau'i yakan ɗaga PSA, kuma binciken baya-bayan nan ya nuna bai fi na gama-gari muni ba in aka cire shi da wuri. Amma cirewa da wuri sai in wani ya ƙi yarda da makin ya ce a soka allura duk da haka, saboda PSA na ta hawa ko yatsa ya ji tauri.

Ta bututu ta fi damuna. Ita daga manyan magudanan furostet take tasowa, sau da yawa dab da hanyar fitsari, tana tsiro da rassa kamar ganyen da ya leƙo cikin kwata. Tarihinta ma ya nuna yadda take ruɗa ido. Lokacin da wasu likitoci biyu, Melicow da Pachter, suka fara bayyana ta a 1967, sun ɗauka sankarar mahaifa ce ta tsiro a jikin namiji daga wani ɗan saura da ke nan tun halittar ciki, saboda tsananin kamar da suka gani a madubin likita. Sai daga baya aka tabbatar cewa 'yar gida ce. Tsantsarta ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, amma gauraye da ta gama-gari ta fi haka yawa. Masu duba nama suna ba ta matsayin Gleason 8, wato sahun masu haɗari, kuma takan bazu zuwa inda ba a saba ba, kamar huhu da maraina da azzakari.

Ta hanya uku take kuɓucewa. Tana tsakiya, nesa da inda yatsa ke kaiwa. Tana zubar da PSA ɗinta cikin bututu maimakon jini, don haka lambar kan yi ƙasa da girman cutar. Sannan hoto. A 2014 Nicola Schieda da abokan aikinsa a Otawa ta Kanada suka buga rahoton da ya nuna cewa a hoton T2 wannan nau'i ya fi sauran masu irin haɗarinsa haske, har yana kama da mai sauƙi, Gleason 6, wanda a yau sau da yawa ba a ma yi masa fiɗa sai dai a sa masa ido. Dalilin a fili yake: tsakanin rassan nan akwai gurabe da ruwa ke kwanciya. A yi tunanin abin da hakan ke nufi ga mara lafiya. Hoto ya ce ƙarin lami ne, jini ya ce babu komai, ga shi cutar tana cikin waɗanda ba a yi musu jinkiri. Abin da ke tona ta sau da yawa shi ne jini a fitsari ko a maniyyi, da toshewar fitsari, da abin da likitan mafitsara ya gani da idonsa in ya zura 'yar kyamara ta hanyar fitsari.

A nan akwai tarko na musamman ga mutanenmu. Wanda ya tashi yana wanka a kududdufi ko a madatsar ruwa ya san tsargiya tun yana yaro, ya san jini a ƙarshen fitsari, ya kuma san ana shan ƙwaya ya wuce. In ya sake ganin jini yana da shekara sittin, nan hankalinsa zai fara zuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Jinin fitsari a jikin dattijo yana buƙatar a leƙa mafitsara da hanyar fitsari ko PSA nawa ne, balle ma ita tsargiyar da ta daɗe a jiki tana cikin abubuwan da ke jawo sankarar mafitsara ta ainihi.

Mafi muni a cikinsu ita ce mai ƙananan ƙwayoyi, kuma nata sha'anin akasin na waɗancan ne. Ba ta ɓuya a hoto. Ƙwayoyinta ƙanana ne, a matse suke fiye da na kowace, don haka hoton motsi yana nuna ta ƙarara, maki 5 babu gardama. Matsalarta biyu. Ta farko, tunda ba ta yin PSA, mai ita ba ya shiga layin da ke kai mutum ga na'urar sai cutar ta yi nisa. Ta biyu, in ya isa, hoton zai ce ga sankara, ba zai ce wace iri ba ce. PI-RADS ba shi da gurbin wannan tambaya. Ma'anar "sankara mai haɗari" a cikinsa ma da makin Gleason aka ɗaure ta, ita kuwa wannan ba a ba ta makin Gleason kwata-kwata.

Sanin sunan shi ne komai, domin magani ya bambanta tun daga tushe. Ta gama-gari da sinadarin mazakuta take rayuwa, in aka yanke shi da allura ko da cire maraina sai ta lafa, wani lokaci shekaru. Mai ƙananan ƙwayoyi ba ta dogara da shi ba. 'Yar'uwar sankarar huhu ce mai wannan suna, kuma maganin waccan ake ba ta: kemo mai sisfilatin ko kabofilatin haɗe da itofosaid. Ko da hakan, tsaka-tsakin rayuwa bayan gano ta bai cika wuce shekara guda ba. Mutumin da aka ɗora a kan maganin yanke sinadarin mazakuta kaɗai, aka ce ya dawo bayan wata uku a duba PSA, zai dawo da lamba ƙasa-ƙasa, a ce magani na aiki, alhali hanta ta cika. Wata ukun nan kuwa rubu'in abin da ya rage masa ne.

Ta ƙofa biyu take shigowa. Wani lokaci da ita ake farawa, kuma wannan bai kai ɗaya ko biyu cikin ɗari ba. Wani lokaci kuma ta gama-gari ce ke rikiɗa. Bayan an daɗe ana hana ta sinadarin mazakuta, musamman da sababbin magunguna masu ƙarfi irin su abirateron da enzalutamaid, sai wasu ƙwayoyin su sauya hali gaba ɗaya, su daina buƙatarsa, su daina yin PSA. A wani bincike da Rahul Aggarwal ya jagoranta a Amurka aka buga a 2018, an ɗebo nama daga inda cutar ta bazu a jikin mazan da maganin yanke sinadarin mazakuta ya daina yi wa aiki, aka samu wannan rikiɗa a kashi 17 cikin 100 na waɗanda aka duba. Ke nan a ƙarshen tafiyar cutar, wannan nau'i ba baƙo ba ne kamar yadda ake zato.

Likitan hoto mai lura yana da alamun da za su sa ya tsaya. Ƙari babba da ya kutsa mafitsara ko dubura, tsakiyarsa ta ruɓe, kaluluwar ƙugu sun kumbura manya-manya, ga PSA bai taka kara ya karya ba. Cutar ta riga zuwa hanta ko huhu ko ƙwaƙwalwa. A ƙashi kuma, maimakon ta sa shi kauri da fari kamar yadda ta gama-gari ke yi, tana cin sa kamar gara a azara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tabbatarwa. Tabbaci na wurin mai duba nama, wanda zai sa wa yankan rini na musamman irin su kuromogiranin da sinaftofisin. Amma a nan MRI na da wani amfani da babu mai maye gurbinsa. Kusan rabin masu wannan nau'i suna ɗauke da shi gauraye da na gama-gari a gaɓa ɗaya. Allurar da aka soka bisa sa'a za ta iya faɗawa ɓangaren gama-gari, a rubuta sunansa, a ba da maganinsa, mugun ɓangaren na gefe ba a taɓa shi ba. Hoton da ya nuna cewa wannan kusurwa ta bambanta da waccan shi ne ke sa a soki duka biyun. Hoton PET na PSMA da ake yayi yanzu, wanda ke bin wata alama da ke jikin ƙwayoyin sankarar furostet, shi ma yakan makance a kanta, saboda alamar da yake bi tana ɓacewa tare da PSA.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. Akwai sakoma, wadda ke fitowa daga tsoka da jijiyoyin da ke riƙe gaɓar, kimanin ɗaya ko biyu cikin dubu. Ba ruwanta da PSA, kuma ba ta jiran tsufa: wani irinta na kama yara ƙanana, har a ga yaro ɗan shekara uku ko huɗu fitsari ya tsaya masa. A hoto dunƙule ce babba mai gauraye da ruwa da jini, tana ture maƙwabta gefe. Akwai wadda ke gangarowa daga shimfiɗar mafitsara ta shiga furostet, wadda maganinta na mafitsara ne. Akwai ta kaluluwa, wadda kemo ke narkarwa, fiɗa ba ta da gurbi a cikinta. A dukansu hoto na faɗin girma da iyaka da abin da ƙarin ya taɓa, wanda likitan fiɗa da mai gasa ƙari da tururi ba sa iya aiki ba tare da shi ba, amma ba ya faɗin suna.

Kama da wane kuma ba ta wane. Akwai kumburin da ke yin taurin dutse a yatsa, ya yi baƙi a hoton ruwa, ya takura motsi, ya ci maki 5, a soka allura a tarar babu sankara ko kaɗan. Yakan biyo bayan maganin BCG da ake ɗura wa masu sankarar mafitsara, wato ƙwayar rigakafin nan da ake yi wa jarirai a dantse. Tarin fuka ma na sauka a furostet ya yi wannan shiga, abin da likitan hoto a Landan zai iya shekaru bai gani ba, amma na Kano ko Zinder ba zai cire shi daga lissafi ba. Jinin da ke kwanciya bayan allura shi ma na ɓata hoto, shi ya sa ake so a fara da hoto, in kuma an riga an soka a jira kamar mako shida.

Duk wannan bayani ya ɗauka cewa akwai na'urar. Wani ƙidaya da Godwin Ogbole na Ibadan da abokan aikinsa suka buga a 2018 ya samu na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 a Najeriya, kuma mafi yawan na Najeriyar masu ƙaramin maganaɗisu ne. An ƙara wasu tun daga lokacin, amma darasin na nan. Hoton furostet na buƙatar tesla 1.5 ko 3. Ƙaramar na'ura na iya nuna gadon baya ko gwiwa, amma ba ta ba da hoton motsin ruwa da za a dogara da shi. Babbar kuwa sai an riƙa sanyaya ta da ruwan hiliyam mai sanyin digiri 269 ƙasa da sifili, dare da rana, da wutar da ba ta yankewa, shi ya sa kuɗin hoton ke da nauyi. Iyalin da suka sayar da akuya ko suka ci bashi suka yi hoto a na'urar da ba ta dace ba sun rasa kuɗin, kuma sun samu takardar da za ta iya kwantar musu da hankali a kan ƙarya. Hakkinsu ne su tambayi ƙarfin na'urar, su tambaya ko za a yi hoton motsi, kafin su biya.

Ra'ayina a nan a bayyane yake. Yawancin mazanmu suna isa asibiti ne bayan cutar ta fita daga furostet. Ga mutumin da yatsa ya riga ya ji ƙari mai tauri, ko ake ganin cutar a hanta ko a ƙashi, amma PSA ɗinsa 3 ne ko 8 maimakon ɗaruruwan da aka saba gani a wannan mataki, saɓanin ya riga ya bayyana ba tare da maganaɗisu ba. In kuɗin da ke hannu na abu ɗaya ne, ina ganin ya fi dacewa a tattauna da likita a kan kashe shi wajen ɗebo nama da yi masa rinin nan na musamman, domin shi ne zai sauya maganin da za a ba shi gobe. MRI ta fi amfani ga wanda cutarsa ke ɓoye har yanzu, da wanda za a yi wa fiɗa ko gashi, da wanda ƙafafunsa suka fara mutuwa ana zargin ƙari ya danne lakar gadon baya, wanda shi kuwa hotonsa na gaggawa ne a ranar.

In an kai ga yin hoton, takardar da ke raka mara lafiya tana da nauyi kusan kamar na'urar. Likitan hoto ba ya ganin mutumin, allo yake gani. In abin da aka rubuta masa bai wuce "a duba furostet" ba, zai karanta da ƙa'idar gama-gari ya ba da maki. Ya kamata ya san shekarun mutumin, da lambar PSA da yadda take tafiya, da ko yana shan finasteraid ko dutasteraid, waɗanda ke rage lambar da kusan rabi bayan watanni, ta yadda 2 ɗin dattijon nan na farkon zancenmu za ta iya zama 4 a haƙiƙa in da yana shan su kafin awon. Ya san ko akwai jini a fitsari ko a maniyyi, ko an taɓa jinyar tarin fuka ko an ɗura BCG, ko mutumin na kan maganin yanke sinadarin mazakuta da tun yaushe, da ranar da aka soka allura in an soka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ɗa ko ƙanin da ya rako baba ya tabbata an rubuta waɗannan, in ba a tambaye shi ba ya faɗa da kansa.

Naman da aka ɗebo kuma ba ya ƙarewa da takardar sakamako. Ɗakin gwaji na daskarar da shi cikin wani ɗan dunƙulen kaki da bai kai akwatin ashana ba, wanda ke shekaru bai lalace ba. In sakamakon ya ce ta gama-gari ce amma jikin mara lafiya na ci gaba da lalacewa PSA na ƙasa, ana iya neman wannan dunƙule ta hannun likita, a sa shi a ambulan, a kai shi asibitin koyarwa da ke da rinin, a yanko sabon sala a sake dubawa ba tare da an ƙara soka wa dattijon allura ba.